Takardar A-kori-kura

Sage Flat, Wyoming
6 ga Maris, 1994

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya ƙirjin naka? Ina fata kana shan maganin da likita ya rubuta, ba jera kwalaben ka yi a taga suna shan rana ba. Ka gaida maƙwabcinka Estill, ka ce na gode da itacen da yake faskara maka. Da waya zan buga, to amma tun da ramin kwal ya cinye maka kunne, ina ihu kana "Wa? Me?" har a gaji, shi ya sa na koma biro da takarda.

Ni lafiya lau, sai iska. Wata huɗu ke nan ban ga ranar da ta huta ba. Tsofaffi bakwai nake dubawa gida-gida, in yi musu wanka, in gwada jini, in ba su magani, kuma tsakanin gida da gida sai ka yi mil ashirin ba ka ga kowa ba sai shanu. Ba don a-kori-kurar da ka ba ni ba, da ko kwana ɗaya ban yi a aikin nan ba.

A kanta ma na rubuto. Ranar Laraba wani ɗan sandan gunduma mai gashin baki ya tare ni a ƙofar gidan wata tsohuwata. Ya ce, "Baiwar Allah, tun kafin Kirsimeti nake ganin lambar Kentucky ɗin nan tana yawo a hanyata. Ziyarar ce ba ta ƙare ba?" Na ce aiki nake yi. Ya ce, "To, da bakinki kika faɗa. Duk wanda ya kama aiki a jihar nan, lasisinsa da lambar motarsa na nan za su zama." Ya nemi takardar rajista, na birkice aljihun gaban mota, babu komai sai rasit ɗin taya da tsohon cokali. Ya ce wannan karon kashedi ne.

Washegari na yi mil talatin da takwas zuwa gari. Lasisi bai ba ni wuya ba, duk da na faɗi tambaya ɗaya: in ka buge saniya a filin da ba shinge, laifin wa? Na ce na mai saniya. Ashe a nan saniya ta fi direba gata. Suka karɓe tsohon lasisina suka jefa a kwali, suka ɗauke ni hoto ina shirin atishawa, kuma da wannan fuskar zan yi shekara huɗu.

A ofishin rajista ne abin ya tsaya. Matar da ke kanta ta ce ba lamba sai da takardar mallakar mota. Don Allah ka nemo ta, ka je banki wurin mai hatimi, ka sa hannu a bayanta a gabansa, ka rubuta sunana a layin mai saye, ka aiko mini. Shi ke nan.

'Yarka,
Twila

Laurel Fork, Kentucky
17 ga Maris

Twila,

Na samu wasiƙarki, na gode Allah da kina lafiya. Ƙirji da sauƙi. Magani ina sha in na tuna. Estill ya amsa gaisuwa, ya ce ki aiko masa da hoton atishawar ya kafa a gona, hankaki sun dame shi.

Na shuka dankali da albasa. An yi ruwa kwana uku, rafi ya hau gada, shi ya hana ni zuwa coci ranar Lahadi, ba ƙiwa ba, ko me matan mawaƙa za su gaya miki. Na dafa wake da burodin masara, amma har yau tukunyar mutum uku nake ɗorawa, hannuna ya ƙi koyon ta mutum ɗaya.

Batun mota, kada ki tada hankalinki. Na sabunta rajista ta gidan waya kamar yadda nake yi kowane Maris, ga sitikar bana nan na naɗe a takarda. Ki goge lambar da tsumma ki manna a kusurwa. In mai gashin bakin ya sake tare ki, ki nuna masa, ki ce motar nan ba ta taɓa kwana da laifi ba.

Takardar mallaka tana cikin gwangwanin takardu, ban dai kai gare ta ba tukuna. Mene ne na gaggawa? Lambar gida ba ta yi wa kowa komai ba. In ma sun matsa miki da dokokinsu, ai motar ta san hanyar Laurel Fork, kuma ɗakinki na nan yadda kika bar shi.

Babanki,
Delmer

Sage Flat
29 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa, ina fata ƙirjin ya ƙara sauƙi kuma rafi ya sauka. Ni dai jikina lafiya, hankalina ne ba ya kwance.

Na manna sitikar kamar yadda ka ce. Kwana huɗu ta yi mini. Ranar Juma'a mutumin ya sake tsayar da ni, na fito da fara'a ina nuna masa. Ya duƙa ya duba, ya ce, "Kai, ta yi kyau. A Kentucky za a yi miki tafi." Ya rubuta mini tara, ya ce karo na uku motar janwe zai kira, in bi ta da ido.

Yanzu a-kori-kura tana gindin shinge, tanki cike da mai, ni kuma ina cikin ɗan gidan kwanon nan ina kallonta ta taga. Misis Arambel mai raba wasiƙu ce take rage mini hanya, Allah ya saka mata. Sai dai hanyarta gida uku kawai take ratsawa cikin bakwai, kuma in ta sauke ni sai ta zagayo, ko da awa biyar ne. Sauran huɗun an ba wata. Akwai wani tsoho a cikinsu da ba ya yarda kowa ya aske shi sai ni, an ce gemunsa ya fara tsayi.

Shugabarmu Joanne ta kira ni gefe. Ba mugunta gare ta ba, amma ta ce, "Twila, mai mota muka ɗauka. Na ba ki zuwa ƙarshen Afrilu." In na rasa aikin nan, gidan ma na rasa, don tare suke.

Ka ga inda nake, gaba kura baya sayaki. Ba na iya tuƙa ta, ba na iya sayar da ita in sayi wata, don wa zai sayi mota ba takarda? Ko gishiri ya ƙare sai na jira wani ya nufi gari.

Baba, gwangwanin nan a saman firji yake, ba a ƙarƙashin dutse ba. Minti biyar ne. Estill zai kai ka banki.

Twila

Sage Flat
15 ga Afrilu

Baba,

Ina fata lafiya ce ta ɓoye ka. Na buga wa Estill waya daga gidan wata tsohuwata, ya ce ras kake, jiya ma ya gan ka kana gyaran shingen kaji. To alhamdu lillahi, ba ciwo ba ne.

Kwana goma sha bakwai ina tsayuwa a bakin titi. Misis Arambel tun daga nesa take girgiza mini kai, don ta gaji da ganin fuskata in ta miƙo takardun talla.

Na sake karanta wasiƙarka, kuma yanzu na gane karatun. Motar ta san hanyar gida, ɗakina na nan yadda na bar shi. Wato ka zauna ka yi shiru har a kore ni, in tattaro komatsaina in dawo ina dafa maka wake. Da ka fito fili ka faɗa, da ya fi mini.

Shekarata arba'in da ɗaya. Aurena ya mutu a Ohio, na dawo gabanka na yi shekara biyu ina neman aiki a garin da ko kantin magani ya rufe. Wannan ne karo na farko da na tsaya da ƙafata, kuma kai ka miƙo mini makullin da hannunka, ka ce in tafi. Ashe ka ba ni akuya ne ka riƙe igiya. Raina ya ɓaci, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Da Mama na da rai da ba ta bari ka yi mini haka ba.

In ba za ka aiko ba, ka rubuta layi ɗaya ka ce ba za ka aiko ba, in san inda dare ya yi mini.

Twila

Laurel Fork
20 ga Afrilu

Twila,

Lafiyata ƙalau, na gode da tambaya.

Ga takardar nan a ƙaramin ambulan, an sa hannu. Ki kai musu.

Ban taɓa riƙe miki igiya ba. Maganar ɗaki kuwa, na faɗa ne don ki san kina da wurin kwana a duniya, ba don in ja ki ba. Amma ba komai, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Babanki

Sage Flat
27 ga Afrilu

Baba,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Ban san ta inda zan fara ba.

Wasiƙarka ta zo ranar Litinin. Don murna ko buɗe ƙaramin ambulan ɗin ban yi ba, na roƙi wani makiyayi da zai kai shanu kasuwa ya tafi da ni gari. Na shiga ofis ina warin turke, na bi layi, na miƙa wa matar nan da ke bayan kanta. Ita ta farke shi. Ta juya bayan takardar, ta ce, "Ayya, ba hatimi. Wace ce Verna Caudill?"

Na ce, "Mahaifiyata ce."

Ta ce, "To ai ita ce mai motar. Ga sa hannunta nan, sha tara ga wata. Ki mayar mata, ki ce Mama ta daure ta je gaban mai hatimi ta sake. Tsofaffin nan haka suke, ba sa son zuwa banki."

Ta turo mini takardar. Na ga sunan Mama an buga da keken rubutu a sama, na ga sunanta a ƙasa da rubutunka, da wannan V ɗin naka mai kama da ƙugiya. Baba, shekara shida da muka binne ta. Na tsaya da baki buɗe, mutane na jira a bayana, kuma abin da ya fito daga bakina shi ne, "To, zan gaya mata." Na fita na zauna a kan matakala na yi kuka har makiyayin ya dawo.

Ban san motar tata ce ba. Ina Ohio kuka saye ta, kullum kai na gani a kan sitiyari. Kuma ka san abin da ka yi laifi ne babba? Da matar ta san gaskiya, da ni da kai duk mun shiga uku.

Ga takardar na mayar maka. Na tambayi Misis Arambel a fakaice, don ita ma mijinta ya rasu. Ta ce sai mijin ya kai takardar shaidar rasuwa ofishin gundumarsu, a soke sunan mamaciyar, a fitar da sabuwa da sunansa, sannan ya sa wa wanda ya ga dama hannu. Joanne ta ƙara mini zuwa ƙarshen Mayu, ta ce daga nan ko ita ba ta da ta cewa.

Ka yafe mini maganganun da na rubuta. Amma don Allah ka gaya mini, me ya sa?

'Yarka,
Twila

Laurel Fork
2 ga Mayu

Twila,

Na samu taki. Ƙirji yana nan yadda yake. Dankali ya fito. Na yafe miki tun kafin ki roƙa, ni ne ma mai neman gafara, na tura ki gaban mutane da ƙarya a hannu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekarar da aka rufe raminmu na zauna ba aiki, uwarki ce ta riƙe gidan da girkin da take yi wa 'yan makaranta. Da guminta aka sayi motar. Da muka je rajista na miƙa hannu zan karɓi biro, ta buge mini hannu, ta ce, "Delmer, gida sunanka, gona sunanka, ni kaina sunanka nake amsawa. Wannan tawa ce." Ba ta taɓa koyon tuƙi ba, amma duk wanda ya zo sai ta ce ya fito ya ga motarta.

Kin san a nan a watan haihuwar mai mota ake sabunta rajista. Ita 'yar Maris ce. Bayan rasuwarta banki ya cire sunanta, coci ya cire, asibiti ya cire, har kamfanin iri ya daina aiko mata da littafinsa. Watan Maris na farko na je akwatin wasiƙa, sai ga kati daga ofishin gunduma: Verna Caudill, lokacin sabunta rajistarki ya yi. Na tsaya a bakin hanya ina karantawa kamar ita ta rubuto. Tun daga nan nake biya ta gidan waya don kada kowa ya tambaye ni. Sau ɗaya a shekara wani yana rubuto mata, yana ɗauka tana nan. Katunan shida suna cikin gwangwani tare da takardun rajistar, shi ya sa ba ki samu komai a motar ba.

Da na ba ki makulli ban yi tunanin dokar wata jiha ba. Na ɗauka sitika ce kawai, in riƙa aiko miki duk shekara. Wauta ce ta tsoho, na sani.

Sau biyu tun zuwan wasiƙarki na sa rigar coci, na ɗauki takardar rasuwar, na kai bakin gada na juyo. Ba ƙin ki nake ba, ƙafar ce take ƙi. Ki ƙara mini 'yan kwanaki.

Babanki,
Delmer

Sage Flat
6 ga Mayu

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka riƙa shan maganin nan ko ba ka tuna ba.

Na karanta wasiƙarka a motar Misis Arambel, sai da ta tsaya a gefen hanya ta miƙo mini tsumman goge gilashi, don shi kaɗai ne a kusa.

Kada ka je. Na faɗa da zuciya ɗaya, kada ka je. Ka mayar da takardar rasuwar cikin gwangwani, ka cire rigar coci. Ban san abin da nake roƙonka ba lokacin da nake ta ce maka minti biyar ne. Ni ina da hoton Mama, ina da zobenta, ina da muryarta a kaina duk lokacin da na bar tukunya a wuta. Kai kuma ga abin da kake da shi, ba ni zan ƙwace maka ba.

Kada ka damu da ni. Na tambaya a gari, akwai gidan kula da tsofaffi da wataƙila za su nemi mai wanke-wanke a watan Yuli, kuma a can ba a bukatar mota. In bai yiwu ba, sai in san abin yi. Motar kuma in an samu mai zuwa gabas sai a jawo maka ita, ta zauna a inuwar rumbu inda ta saba. Gaskiya ina jin zafin rabuwa da tsofaffina, kuma ina jin tsoro, ba zan ce ba na ji ba. Amma aiki ana samun wani.

Ban gaya wa Joanne ba tukuna, zan bari sai ƙarshen wata, ko ba komai in ƙarasa wa mutum ukun nan kwanakinsu.

Ka gaida Estill.

'Yarka mai ƙaunarka,
Twila

Laurel Fork
20 ga Mayu

Twila,

Ina gaishe ki. Lafiya lau nake, kuma na sha maganin yau da na jiya. Ki yi haƙuri da shirun, ban so in rubuto hannu wofi ba.

Ranar Talata goma ga wata na ce wa Estill ya zo ya ɗauke ni, kuma ko na ce ya juya kada ya juya. A bakin gada na ce masa na manta hulata. Ya ce, "Tana kanka, tsohon banza," ya ƙara wuta.

A ofis Glenna na tarar a kanta, wadda suke waƙa tare da uwarki a coci. Na ajiye mata takardun. Ta ga sa hannun nan na baya, ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Delmer, wannan ta lalace, sabuwa za mu nema," ta jefa ta a aljihun tebur. Sannan ta ce, "Shekara shida ina ganin katin nan yana fita, ina cewa ranar da ya shirya zai zo." Ta buga abin da za ta buga, na sa hannu wuri uku. Ko minti goma ba a yi ba. Na yi zaton za a daɗe.

Jiya sabuwar ta iso. Yau da safe na koma, na sa hannuna na gaskiya a gaban mai hatimi, na rubuta sunanki. Ga ta nan, na aiko ta wasiƙar gaggawa, an ce kwana biyu. Glenna ta buga wa ofishinku waya ta tabbatar ba abin da ya rage. Ki je ranar Litinin, ki karɓi lambarki, ki koma wurin mutanenki. Kada ki kuskura ki je wanke-wanken nan. Uwarki ba ta yi shekara uku tana tsaye a kan tukwanen makaranta don motarta ta ruɓe a gindin shinge ba.

Wasiƙarki ta cewa kada in je, ranar Laraba ta zo, kwana ɗaya bayan na je. A tsaye na karanta ta a gaban akwati, na sake karantawa a zaune. Ban taɓa samun wasiƙa irinta ba, kuma na gode. Amma na fi gode wa gidan waya da nawarsu, don ni na san kaina. Da ta riga ni, da na bi maganarki.

Babanki,
Delmer